Farin da Inna Ta Zaɓa

Ni dai da can fari fari ne a wurina. In aka ce fari, nono ne ke zuwa mini a rai, an gama magana. Sai ranar da na shiga butik, wato shagon Illa mai fenti, nan bayan tashar Matameye, na san ashe abin ba haka yake ba. Ya miƙo mini wani dogon kwali mai ninki, ya ce matarmu, zaɓi. Na duba, na juya shi, na sake dubawa, na ce ya bar yi mini shaƙiyanci da rana tsaka, ya ba ni wanda aka buga launi a kai. Illa ƙanin maigidana ne, ɗan ƙanin babansu, don haka ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya yi dariya har da dukan kanta, ya ce duk ƙananan gidajen nan da nake gani a kwalin fari ne, amma kowanne da halinsa. Akwai mai ɗaukar ido, akwai mai sirkin toka, akwai mai kama da ɓawon ƙwai. Wanda aka fi saye a yanzu kuwa shi ne bulan kase, da yaren nasara, wato farin da aka kashe wa kaifi da ɗigon wani launi.

Abin da ya kai ni shi ne ɗakin Inna Baiwa, uwar maigidana. Shi maigidan nawa, Baban Najaha, ya gina mata shi bayan girbi, kafin ya tafi cin rani Legas, ɗakin siminti da rufin tol, wato kwano, a gefen dogon yaron da ke tsakar gidanmu. An yi shafe, fenti ya rage. Da bazara ta kankama ya aiko da saƙon murya cewa a yi fentin kafin ya dawo shuka, kuma Inna ce za ta zaɓa, kada in yi mata kanekane kamar yadda na saba.

Ni kuwa ba fenti ne a gabana ba. Ranar da zai tafi, a zaure, bayan ya rataya jaka, ya juyo ya ce mini, "Habsatu, ga Inna nan. Ki riƙe mini ita har in dawo." Na ce to, kamar rai a hannuna yake. Tun daga nan tsohuwa ta dinga lalacewa. Tari ya kama ta, tuwo loma biyu ta ture, idonta da ma yanar tsufa ta rufe shi, sai ta ji muryarka take sanin kai ne. Ina son matar nan, ba na ɓoyewa. Mun yi faɗanmu a farkon aure, amma ita ta riƙe ni a haihuwar Najaha lokacin da kowa ya fidda rai. Duk asuba sai na leƙa ta in ga zanen da ta rufa yana motsi, sannan in iya yin alwala. Addu'ata ɗaya ce, Allah ya sa ɗanta ya tarar da ita.

Na kawo mata kwalin da hantsi, ina cewa a raina mai ido ma ya kasa, balle ita. Ta karɓa ta kara shi a hancinta, ta dinga bi da yatsa. Wannan na likita ne, ba ta so. Wannan kamar haƙorin roba. Wannan ya yi sanyi da yawa, wannan kuma an cika masa ɗorawa. Wallahi duk wanda ta kushe, in na ɗaga shi a rana sai in ga haka yake. Da ta kai ƙarshe ta miƙo mini ta ce nata ba ya ciki, amma za ta ba ni samfur.

Washegari ta danƙa mini wani ƙyalle, bai fi tafin hannu ba, gefensa da zare-zare alamar yage shi aka yi ba da almakashi ba. Fari ne mai laushin gani, ba ya ƙyalli, yana da ɗan ƙamshin adaka. Na ƙulle shi a bakin zane na nufi kasuwa.

Ran kasuwa ne, butik cike da mutanen Dungu da Icirnawa masu sayen ƙusa da igiya kafin ruwa ya sauka. Illa ya hango ni ya fara, wai ga sarauniyar fari ta iso. Na kwance ƙyallen na miƙa masa. Ya miƙo hannu, sai ya janye. Dariyar ta bar fuskarsa. Ya jira mutane suka ragu, sannan ya tambaye ni a hankali inda na samo shi. Na ce Inna ce, mene ne kuma.

"Matarmu, ba ki gane shi ba? Alawayyo ne."

Mace ce ni, ban taɓa zuwa sayen likkafani ba, maza ke yi, amma na sha ganinsa a kan gawa, kuma da ya faɗa sai na gan shi sarai. Tsofaffi da yawa suna ajiye nasu a ƙasan adaka, wannan ba baƙon abu ba ne. Amma a yage gefensa a aiko ni kasuwa da shi a bakin zane, in zo in ce a shafe bango da irinsa? Tsoron da ya kama ni ya wuce, haushi ya zo. Na ce da Illa ba a gidana ba. Na ce ya haɗa mini fari mai ruwan madara, ya zuba ɗorawa sosai, yadda ɗakin zai yi kama da na amarya. Tsohuwar da ba ta bambanta ni da Najaha sai mun yi magana, ina za ta gane?

Shi ma bai musa ba. Ya ce gobe zai zo da kansa ya yi aikin, tunda na gida ne.

Ya zo da bokitinsa da burushi. A gabana ya buɗe farin, ya ɗiga ɗorawa, ya juya da sanda, ya ƙara, har sai da abin ya koma kamar kindirmo mai maiƙo. Ya shafa faɗin faifai a bangon gabas don gwaji, ya ce mu bar shi ya sha iska. Ya yi kyau, har na ji zuciyata ta ɗan sauka. Na ba shi fura ya sha a gindin dogon yaro, muka yi hirar ruwan da aka ce an samu wajen Kance.

Da muka koma, ɗorawar ta tafi. Wurin ya bushe ya zama wani fari mai laushi, marar ƙyalli. Illa ya ce haka sabon siminti yake, yana shanye launi, ba wani abu ba ne. Ya ƙara ɗorawa har na ce ya isa, kada ɗakin ya koma kamar miyar taushe. Ya shafa a bangon kudu. Wannan karon ban tafi ko'ina ba, na tsaya a kansa ina kallo. Ba zan ce na ga lokacin da ya sauya ba. Kamar yadda inuwa ke matsawa ne, ba ka ganin tafiyarta, sai dai ka ga ta bar ka a rana.

Muna nan tsaye sai ga Inna ta shigo tana dafa bango. Ta ce in ba ta ƙyallenta. Ta kai shi daidai inda aka shafa, ba tare da ta lalube ba, ta manna da yatsa ɗaya. Na ga yatsanta, ban ga ƙyallen ba. Sai da na matso har numfashina na taɓa bangon sannan na gano zaren gefensa.

Ta ce madalla, Illa ya iya aiki, Allah ya yi masa albarka. Illa ya ce amin, amma bai ɗago kai ba.

Da ta fita na ce masa ko mu sayo wani bokitin daban. Ya ce zai iya, amma shi a ganinsa a bar tsohuwa da abinta. Na ce to ai shi ke nan, fari ya ci ni, amma sauran launukan nawa ne. Illa da kansa ya gaya mini cewa irin wannan farin ba ya son zama shi kaɗai, sai an yi masa abokai: ɗamara a ƙasan bango don kada ƙafa da tsintsiya su ɓata shi, da wani launin a ƙofa da taga. Ya ce ruwan toka na tafiya da shi, shuɗi mai haske ma haka. Na zaɓi shuɗi irin na ruwan bula a ƙofa, ɗamara kuma ruwan hoda. Na ce in ɗakin ya yi ado, ko ba ta so sai ya janye mata hankali daga lahira.

Ashe tana jin mu daga bakin murhu. Ta kira ni ta ce ɗamara jar ƙasa take so. Ba jan da ke saman hanya ba wanda rana ta ƙona, jan da ake tararwa in an yi haƙa an wuce yashi, mai ɗan danshi. Kuma a ɗaga ta, kada a tsaya a gwiwa, a kai ta ƙugun namiji. Ƙofa kuwa tsanwa mai duhu. Na tambaye ta wace iriyar tsanwa, ko da yake na riga na sani. Ta ce irin mayafin da ke ajiye a masallacin unguwa. Mayafi ɗaya ne a masallacin nan, shi ake rufa wa makara.

Nan na fashe. Ban taɓa ɗaga mata murya ba tun da na yi hankali, amma ranar na yi. Na ce ni ba za a gina kabari a tsakar gidana ina kallo ba. Na ce ɗanta yana can yana tura baro a garin mutane don ya yi mata ɗakin da za ta ji daɗi, ita kuma tana nan tana shirya masa kuka. Na ce saura kaɗan ya dawo, me zai hana ta yi haƙuri ta jira shi, ni me zan ce masa in ya shigo zaure ya tambaye ni? Ina faɗa ina kuka, majina da hawaye, Illa ya sulale ya fita waje.

Ta bar ni na gama. Sannan ta kamo hannuna ta zaunar da ni a tabarmarta, ta share mini fuska da bakin mayafinta kamar yarinya.

"Ke dai da wauta kike, Habsatu. Wa ya ce miki tafiya zan yi? Ina nan daram. Tashi ki ɗumama mini tuwon jiya, yunwa nake ji."

Ta cinye shi tas, har da suɗe kwano. Kuma daga ranar sai ta miƙe. Tarin ya yi sauƙi. Ta fara fitowa da sassafe tana shara, abin da ta bari tun kaka. Ta sa aka wanke manyan tukwanen da ba ma taɓawa sai da biki, ta ce a surfa hatsi da yawa a ajiye. Na ce na mene ne, ta ce baƙi ba sa sanarwa. Na yi murna, Allah ya sani. Na ce ashe tsufa ne kawai da rigimarsa, in jar ƙasa da tsanwa ne za su sa ta ci tuwo, a shafa mata har rufin ɗaki. Na ce da Illa ya yi mata yadda take so.

Shi dai bai sake tsokanata ba har aka gama aikin. Yana zuwa ya gaishe mu, ya ja zare a bango don ɗamarar ta miƙe, ya yi ta shafa ba magana. Jar ƙasar ma bai sha wahalar haɗa ta ba, zubi ɗaya ta fito. Na lura in zai shiga ɗakin yana cire takalmi, alhali ƙasa duk ɗigon fenti ce. Ban tambaye shi dalili ba.

Ana cikin haka saƙon Baban Najaha ya shigo. Muryarsa garau, ana jin hayaniyar tasha a bayansa. Ya ce sun ɗaure kaya shi da Haruna, maƙwabcinmu da suke tafiya tare kowace shekara, za su hau mota zuwa Kano, daga nan Daura, sai gida. Ya tambayi jikin Inna, ya tambaya ko an gyara iri. Na kunna mata ta saurara. Ta ce in sake kunnawa. Na sake. Ta ce in ƙara, ta kara wayar a kunnenta da hannu biyu, har sai da na ce Inna caji zai ƙare, ai ga shi nan tafe, kya ji shi har ki gaji.

Na ɗauki hoton ɗakin na tura masa, na ce ya ga aikin uwarsa, kada ya ce ni ce. Bai buɗe ba. Ban damu ba, hanyar nan ba rezo, wato sabis ɗin waya, a wurare da yawa, kuma shi mutum ne da wayarsa kullum a mace take. Ni lissafina ya riga ya fita: yana hanya, ita tana cin tuwo. Har na aika a gaya wa Najaha a lakwal, wato makarantarsu ta Damagaram, cewa ta nemi izini ta zo ƙarshen mako ta ga babanta.

Ranar da fenti ya bushe, gari ya tashi da hadari a gabas, iska mai ƙamshin ruwa tana kaɗa dogon yaro. Na shiga ɗakin ni kaɗai da hantsi don in share. Gaskiya ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Farin ba ya ɗaukar ido, yana kwantar da shi ne. Amma da na sunkuya da tsintsiya, kaina ya yi ƙasa da ɗamarar, sai na ga ja ta kewaye ni ta ko'ina, farin yana can sama. Kukan kaji da dakan maƙwabta duk suka yi nisa kamar an toshe mini kunne. Na miƙe da sauri na buɗe taga.

Na je na fara kinkimo kayan Inna, adakarta da buta da 'yar katifarta. Ta tare ni a ƙofa ta ce in mayar, ba yanzu ba. Abin da take so a shimfiɗa tabarma kawai, a jikin bangon gabas, kai kudu. Na ɗauko tata. Ta taka ta daga wannan gefe zuwa wancan da tafin ƙafa, ta ce ta yi gajarta, in kawo doguwar da ke zaure.

Inna guntuwar mace ce, ko kafaɗata ba ta kai ba. Tabarmarta ma ragowa take yi in ta kwanta. Na je zaure na naɗo doguwar. Na shimfiɗa. Ta durƙusa ta gyara gefenta da kanta, ta kakkaɓe ta da tafin hannu, ta miƙe ta tsaya tana fuskantar ƙofa. Fuskarta ba baƙin ciki, irin fuskar da take yi ce in ta gama girki tana jiran a zo a ci.

"Sa'adu," ta ce. "Shigo mana. An gama."

Sunan mijina ke nan. Ni matarsa ce, ba na faɗarsa, kun ji ni tun ɗazu ina kewaye-kewaye. Ita kuwa ɗanta ne na fari. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa jin sunan a bakinta ba, ko da kuskure, ko a bayan idonsa. Wancan take cewa, ko maigidanki, ko yaron nan. Akwai wani mai tallan gishiri mai irin sunan, shi ma mai gishiri kawai take ce masa. An gaya mini ko ranar sunansa fita ta yi daga ɗaki don kada ta ji. Kunyar ɗan fari ce, da ita ake tsufa, ba a ajiye ta muddin yana raye.

Na ce Inna, me kika ce? Ba ta dube ni ba. Ta sake faɗa, a hankali, tana jan sunan kamar mai ɗanɗana abin da aka daɗe da hana ta. Na juya na kalli ƙofar. Ba kowa, sai tsanwar fenti da hasken tsakar gida. Na kama hannunta na ce ta yi shiru don girman Allah, ta bari, ta mayar da shi, kamar suna abu ne da ake mayarwa. Na ce yana hanya, na ji muryarsa, ita ma ta ji.

Sai aka yi sallama a zaure.

Ba sallamar mai dawowa daga cin rani ba ce, wadda ake yi da ƙarfi yara su ruga. Ta mutane da yawa ce, ƙasa-ƙasa, ana jan takalma. Na gane muryar Malam Abdu limamin unguwa, wanda ba ya shiga gidan kowa da hantsi haka kawai. Na gane ta Illa. Daga bayansu kuma akwai ta Haruna, a dishe, kamar wanda ya kwana biyu yana kuka. Na saurara da dukkan jikina ko zan ji ta huɗu.

Suka sake yin sallama. Na riƙe bakina da hannu biyu, don na san in na amsa za su shigo su faɗa.

Inna ce ta amsa musu.